Ranar da Madina Ta Cire Takalmi a Ɗakin Intabiyu

Madina ta tashi a Ceberu ta ƙasar Gwandu, a gidan da ba a kallon babba a ido. Mutanensu makiyaya ne da suka zauna wuri ɗaya tun zamanin kakanni. Shanu sun ragu, gona ta ƙaru, amma kunya ba ta ragu ba ko kaɗan. A gidan nan uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan miji, yaro ba ya cin abinci gaban baƙo ko da cikinsa na kuka. In aka yabe ka, sai ka sunkuyar da kai ka ce ba kai ba ne. Madina ta iya wannan tun kafin ta iya rubuta sunanta.

Ba wani dogon buri ne ya kai ta aikin lafiya ba. Ta yi sakandare a Gwandu tana zaune wurin goggonta, sakamakonta ya yi kyau, yayanta kuma ya ji ana cewa duk wadda ta yi makarantar koyon aikin lafiya ba ta rasa aiki. Aka sayar da karsana aka kai ta. Ta gama, ta dawo da takarda da fararen kaya. Bayan nan aka ɗaura mata aure da Mu'az, manomin shinkafa ɗan Diggi ta ƙasar Kalgo, kuma da sonta aka yi.

Aiki dai bai zo ba. Da ta nema ta wajen Gwandu, aka ce ai ta yi aure a Kalgo, ta je can. Da ta nema ta wajen Kalgo, aka ce asalinta 'yar Gwandu ce, ta bari a gama da 'yan gida. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin garuruwan nan biyu har direbobin tasha suka daina tambayarta inda za ta.

Daga ƙarshe aka ba ta shawarar da ake ba kowa: ta fara aikin sa kai a ƙaramin asibitin da ke kusa da su, in an tashi ɗaukar ma'aikata ita za a fara tunawa. Ta fara. Awon ciki ita, rigakafin yara ita, karɓar haihuwa ita. Albashi babu. Wata mai jego ta aiko mata da nono, wata da kuka, wata da godiya kawai. Yaran da ta yanke wa cibiya suka girma har suka shiga firamare, tana nan. Ba ta iya bari, don duk wadda ta bari ta fita daga layi, shekarun da ta zuba sun tafi a banza. Zaman kuma ba ya kai ta ko'ina. Mu'az ba ya ƙorafi da baki, sai dai in damina ta yi tsanani ya ce, "Yau ma can za ki?" Ta ce can za ta.

An taɓa kiranta intabiyu a baya, kuma ba rashin sani ne ya kayar da ita ba. Aka ce ta gaya musu ko ita wace ce, ta faɗi sunanta ta yi shiru tana kallon siminti. Aka ce me zai sa a ɗauke ta a bar sauran, ta ce ai sauran ma sun iya. Aka ɗauki sauran.

Sai ga sanarwa: wata ƙungiya mai tallafa wa asibitocin karkara za ta ɗauki ma'aikata na dindindin, ba ruwanta da inda aka haifi mutum, inda yake aiki kawai take dubawa. Amma ta yanke iyakar shekaru, Madina kuma tana daidai bakin iyakar. Baɗi war haka ta wuce. Wannan ne na ƙarshe, ita ma ta sani, Mu'az ma ya sani.

Ranar da ba ta da aiki ta hau mota ta tafi Gwandu wurin Yusra, taubashiyarta, wadda suka yi makaranta tare. Yusra ta daɗe da samun aiki, ta yi ƙiba, bakinta kuma bai mutu ba. Ta kifa turmi a tsakar gida, ta ɗora hular mijinta bisa ɗankwali, ta zauna ta harɗe ƙafa.

"Shigo, baiwata. Ni ce shugaban kwamiti."

Madina ta yi sallama ta tsuguna.

"Tashi! Wa ya ce ki tsuguna? Gaisuwar mutuwa kika zo? Ga kujera. Kuma ɗago kai. Ƙasa ce za ta ba ki aikin?"

"Ban iya kallon mutum a ido, Yusra."

"To kada ki kalli idon. Kalli bakin hula, ko tsakanin gira. Shi zai ɗauka shi kike kallo. Haka muke yi duk. Yanzu gaya mini, mi kika iya?"

"To, ana dai taɓawa."

"Ana taɓawa! Ji 'yar ruga. Wa ke taɓawa? Aljanu? Ce na iya."

"Na iya."

"Da ƙarfi. Ba sata kika yi ba."

Suka wuni a haka. Madina ta ce ta iya sa ƙarin ruwa, ta iya gane cikin da ya zo a gicciye, ta iya lallashin mai naƙudar fari. Duk wadda ta faɗa sai ta ji kamar ta tuɓe zane a kasuwa. Da la'asar Yusra ta naɗe zane ta yi 'yar tsana, ta jawo matashin kai ta ce wannan ce mai haihuwa.

"Wannan tambayar ba su barinta. Mace ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Mi za ki yi? Kuma kowane abu da sunanshi za ki kira shi, ban da 'wajen nan' da 'abin nan'."

A nan Madina ta manta da kunya. Ta durƙusa kan matashin, hannu na aiki baki na aiki, ta faɗi inda za ta murza, abin da za ta duba a mabiyiya, inda za ta leƙa ko an ƙaru, allurar da za ta yi, lokacin da za ta nemi mota. Yusra ta cire hula ta yi fifita da ita.

"Ashe kina da baki. To wanga bakin za ki tafi da shi Kalgo, ki baro wancan a Ceberu."

Ta dawo gida ta ci gaba da gwaji. Tana tuƙa tuwo tana cewa "na iya" a hankali. Ta gwada kallon tsakanin gira a kan mai sayar da manja, bai lura ba. Ta gwada a kan Mu'az yana cin abinci, ya ajiye loma ya shafa goshinsa.

"Lafiya? Wani abu ne a fuskata?"

"Intabiyu nake koyo."

"To koya a kan bango, kina hana ni cin abinci."

Ana sauran 'yan kwanaki, Inna Hadiza, uwar Mu'az, ta shigo sashensu da fara'a har kunne. Ta ce albishir. Ƙungiyar nan ta ce dole a sa wakilin al'umma a cikin masu yin intabiyu, dattawa kuma sun zaɓi Malam Tambari, mijinta, tunda shi ne shugaban kwamitin kula da asibitin. Da farko ya ƙi, ya ce ƙafarsa na ciwo. Da ya ji matar ɗansa na cikin masu nema, sai ya karɓa.

"Kin ga Allah ya kawo miki sauƙi har gida," in ji Inna Hadiza.

Madina ta ce, "Alhamdu lillahi."

Tun da aka kawo ta gidan nan, maganar da ta taɓa haɗa ta da surukinta ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma daga nesa, takalmi a cire, gwiwa a ƙasa, shi kuma yana amsawa yana kallon wani wajen. Ba ta kiran sunansa, Baffa take cewa. Shi ma bai taɓa kiran nata ba, "yarinyar nan" yake cewa. In zai shigo cikin gida sai ya yi gyaran murya a zaure don ta samu ta kauce. In ta hango shi a hanya, sai ta ratse cikin gona. Duk cikin da ta yi, ɓoye masa shi ta yi har ta haihu. Akwai shekarar da autarsa ta zo haihuwa gida, jini ya ɓalle mata, Madina ce ta tsayar da shi. Malam Tambari ya san haka. Bai taɓa ambata ba, ita ma ba ta taɓa sa ran ya ambata ba. Ba gaba ba ce, girmamawa ce, kuma duk garin ya shaide su da ita.

Ta sami Mu'az yana gyaran injin ban ruwa.

"Ka gaya wa Baffa ya janye."

Mu'az ya ɗago. Shi ne ɗan fari. Ubansa bai taɓa kiran sunansa ba, gona ɗaya suke nomawa amma in akwai magana sai tsohon ya faɗa wa iska, shi kuma ya tsinta.

"Ni? In ce mai mi? In ce matata za ta yi zancen haihuwa, ya tashi ya ba ta wuri? Da wane bakin?"

"To ni da wane bakin zan yi zancen a gabanshi?"

"Wataƙila ba su tambaya."

"Suna tambaya."

Ya koma kan injinsa. Ya daɗe yana ɗaure ƙusar da ta riga ta ɗauru.

Sai ta tafi wurin Inna Hadiza da kanta. Ta zauna bakin ƙofa, ta yi ta murza gefen mayafi. Abin da ke ranta shi ne ta ce za a sa ta kira al'aurar mace da sunanta a gaban Baffa. Abin da ya fito shi ne, "Inna, ina jin nauyin Baffa."

Inna Hadiza ta ji daɗi. Da ta kai wa mijinta abinci ta ce, "Yarinyar nan ta ce tana jin nauyinka." Shi ma ya ji daɗi. Ya ce ɗiyar mutunci ce, gidansu sun yi tarbiyya. Saƙo ya dawo wa Madina da safe: Baffa ya ce ta kwantar da hankalinta, yana nan, ba inda za shi.

Ta kira Yusra a waya.

"Ki gaya wa masu ƙungiyar uban mijinki ne," in ji Yusra. "Dokarsu ma ba ta yarda ba. Su za su cire shi."

"Sai a ji a Diggi cewa ni na sa aka tayar da Baffa daga kujera gaban dattawa? In koma wane gida? Kuma in suka ce haɗa baki muka yi, su kore mu duka fa?"

"To ki ɗauka ba ya wurin. Ki ɗauka buhun gero ne aka jingine."

"Ke kina iyawa? A gaban uban mijinki?"

Yusra ta ce, "Ni ko tari ban yi a gabanshi."

Ranar intabiyu Mu'az ya kai ta Kalgo a babur. Malam Tambari ya riga su tafiya tun da sassafe, don kada a haɗu a hanya. Ta sa fararen kayanta da ta goge, da rufaffen takalmin da Yusra ta ara mata. Mata na zaune a benci a baranda, yawancinsu yara ne a kanta, kowa na karanta wani abu a waya. Aka kira sunanta.

Mutum uku ne a bayan tebur. A tsakiya Hajiya Habiba, babbar ungozoma da aka ɗauko daga Birnin Kebbi, da tabarau a kan hanci. A dama wani matashin jami'in ƙungiyar da kwamfuta a gabansa, baƙo ne a ƙasar, Hausarsa ta makaranta ce. A hagu, can ƙarshen tebur, Malam Tambari da babbar riga, yana kallon taga.

Madina ba ta san lokacin da ta cire takalmi ba. Ta ga dai kanta a durƙushe bakin ƙofa, takalmin Yusra a waje.

"Ki tashi ki zauna a kujera," in ji jami'in.

Ta ɗosana a gefen kujera. Ba ta taɓa zama daidai da Baffa ba. Ta nemi tsakanin girar Hajiya Habiba ta kafa ido a wurin kamar mai riƙe igiya a rijiya. Aka tambaye ta ko ita wace ce. Ta faɗi sunanta, ta faɗi makarantarta, ta faɗi shekarun da ta yi tana aikin sa kai. Aka tambaye ta abin da ta iya. Ta ce ta iya sa ƙarin ruwa, ta iya tsara ranar rigakafi. "Na iya" ta fito. Jami'in ya gyaɗa kai yana rubutu. Ta fara jin ƙila a tsira.

Sai Hajiya Habiba ta sunkuya ta ɗauko wani abu daga ƙarƙashin tebur ta ajiye. Jikin mace ne na roba, daga cibiya zuwa cinya, irin wanda ake koyarwa da shi, ba abin da aka rufe. Ta ajiye safar hannu a gefensa.

"Mace ta haihu, mabiyiya ta fita, jini ya ƙi tsayawa. Ke kaɗai ce a asibiti. Nuna mana, kina yi kina faɗi. Kowane wuri ki kira shi da sunanshi."

Malam Tambari ya juyo ya ga abin da ke kan tebur. Ya mayar da kai da sauri. Sai a lokacin ya gane nauyin da yarinyar nan take nufi. Ya laluba ƙasa ya ɗauki butarsa, ya ce wa iska, "Bari in zaga," ya fita yana ɗingishi.

Madina ta saki numfashi. Ta zura safar hannu, ta miƙe, ta ɗora hannu a marar robar.

"Abu na farko, zan murza mahaifa don ta—"

Jami'in ya ɗaga hannu. "Yi haƙuri. Ba a ba da maki sai dukanmu uku muna zaune. Mu jira wakilin al'umma."

"Bar ta ta ci gaba," in ji Hajiya Habiba. "Shi ba ungozoma ba ne."

"Hajiya, doka ce. In aka yi ƙorafi, ni za a tambaya."

Suka jira. Ta taga Madina na hango Baffa. Bai zaga ko'ina ba. Yana zaune a gindin darbejiya, buta a gefensa cike da ruwanta, ya fito da carbi yana ja a hankali. Lokaci yake ba ta. Ya ƙudura ba zai tashi ba sai ya tabbata ta gama. Ita kuma tana tsaye da safar hannu, amsar duka tana bakinta, jami'in na duban agogo yana duban ƙofa, matan baranda sun fara leƙe. Ta buɗe baki za ta ce uban mijinta ne, a yi mata tambayar yanzu. Ta tuna gida, ta rufe.

Jami'in ya fita da kansa ya taho da shi. Malam Tambari ya shigo da sauƙin fuska irin ta wanda ya sauke nauyi. Ya zauna. Ya ga robar tana nan inda ya bar ta.

Hajiya Habiba ta maimaita tambayar, kalma bayan kalma.

Hannun Madina na kan marar robar. Baffa na kallon ƙafarsa. Ya san ta sani, 'yarsa na raye saboda ta sani, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta nuna haka. Amma zancen jinin haihuwar 'yarsa ne, a gaban matar ɗansa. Ya ja carbi.

"Muna jin ki," in ji jami'in.

Madina ta janye hannunta. Ta kalli siminti.

"Ban sani ba."

Tana sa takalmi a baranda Hajiya Habiba ta fito kamar za ta sha iska, ta tsaya kusa da ita.

"Ke, tsohon nan mi ne naki?"

"Uban mijina ne."

"Inna lillahi. Mi ya hana ki faɗi tun da kika shigo?"

"A gabanshi, Hajiya?"

Hajiya Habiba ta cire tabarau ta goge da mayafi, ta mayar, ta koma ciki. Aka kira mai bi mata.

Mu'az na jiranta a bakin titi. Ya dubi fuskarta, bai tambaya ba, ya ta da babur.

An ce Malam Tambari ya ba ta maki har ya cika. Na mutum ɗaya bai isa ba. Sunaye suka fito babu nata. Shekara ta juyo, ta wuce iyaka. Yusra ta zage ta a waya son ranta, sannan ta ce ta riƙe takalmin, ba ta so.

Malam Tambari ya ajiye shugabancin kwamitin asibiti, ya ce ciwon ƙafa ne. Bayan girbi Inna Hadiza ta shigo sashen Madina tana jan tunkiya mai ciki, ta ce Baffa ya ce a ɗaure mata. Ba wani saƙo bayan wannan. Madina ta ce a ce ta gode.

Labarin ya zaga Diggi, amma ba a matsayin asara ba. Iyaye mata na faɗa wa 'ya'yansu su yi koyi da matar Mu'az, wadda ta bar aikin albashi don kada ta buɗe baki gaban surukinta. Har a asibiti ake gaya mata, tana ɗaura wa mace abin awon jini ana yabonta. Sai ta sunkuyar da kai ta ce a miƙo ɗaya hannun.

Tana nan tana zuwa, da fararen kayan da suka fara komawa ruwan ƙasa. Hanyar asibitin ta bi ta gefen gonar Baffa, ba wata. In ta hango shi tafe, takan cire takalmi ta ratse cikin gero ta tsuguna. Shi kuma yakan yi gyaran murya ya wuce. Tun bayan Kalgo, in ya zo daidai inda take, yakan rage tafiya kamar mai shirin cewa wani abu, ya ɗan tsaya yana gyara riga a kafaɗa. Sannan ya wuce, ita kuma ta fito ta kakkaɓe zane ta kama hanya.